Surukina Mai Tsofaffin Littattafai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baban maigidana ya riga mu gidan gaskiya wata Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke cikin garin Daura, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ba zan ambaci sunansa ba. Duk shekarun da na yi a gidansa ban taɓa faɗa ba, kuma ba don ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Baba muke ce masa, haka zan ci gaba da kiransa a nan.

A kwanakin zaman makoki ina cikin gida wajen mata, ina shimfiɗa tabarmi ina kai ruwa, amma abin da ake yi a ƙofar gida yana shigowa ta bakin masu shiga da fita. An ce direbobin tasha sun zo a jere, har da na layin Zango da na Mai'adua, sun ajiye motocinsu da fasinja a ciki sai da aka shafa fatiha. An ce wani mai tsire na bakin tasha, wanda duk gidan mun san ba sa shiri da Baba, ya zauna a gefen tabarma yana ta share ido da hannun riga. Da aka ce ya yi haƙuri, sai ya ce, "Ku ba ku sani ba ne. Kullum sai ya zo ya bincike takardun da nake naɗe tsire. In ya ga shafin littafi a ciki, ya hau ni da faɗa kamar na yanka ɗan mutum. Gobe in na hura wuta, wa zai zo?"

A cikin gida kuma wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce daga Baure take. Ta zauna kusa da Inna, uwar maigidana, ta kwance wani ƙulli da ta yi da ɗankwali, sai ga tsohon littafi. Ba ta iya karatu ba, amma hannunta ya san shafin da take nema. Ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan wani hoto, ta ce, "Ga babana. Mai gidan nan ne ya ba ni shi."

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta yi kawai, da aka fita da gawa ta sa aka kulle ɗakinsa, ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

Na zauna rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake manta mutum. Ana yin sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, sai kowa ya koma harkarsa. Baba kuwa ya ƙare rayuwarsa yana tsinto mutanen da aka manta daga cikin shara, bai kamata shi a bar shi haka ba.

Asalinsa ɗan hatsi ne. Gero da dawa da gyaɗa yake saye a kasuwannin ƙauye ya kawo Daura. Karatun allo ya yi, boko kuwa sai da ya yi aure ya haifi 'ya'ya ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya ba ni labari cewa wata rana a kasuwar Mai'adua ya sayi ƙuli-ƙuli, aka naɗe masa a takarda, yana ci yana haɗa baƙaƙe, sai ya ga sunan garinsu, Zango, da labarin zamanin da sarauta ta bar Daura ta koma can. Ya juya takardar, labarin ya yanke a tsakiyar magana. Ya koma wajen mai ƙuli-ƙulin ya saye abin da ya rage na littafin. Tun daga ranar ya shiga uku, in ji Inna. Sannu a hankali hatsi ya ragu, littattafai suka ƙaru, har ya kafa tebur a ƙarƙashin bishiya a bakin tasha. Yana sayar da littattafan makaranta na hannu ga iyayen da ba za su iya sayen sababbi ba, da su yake ci da gida. Amma na tarihin ƙasa da na rayuwar mutanen da suka yi wani abu a cikinta, waɗannan gida yake kawo su. Wanda ya samu biyu ne kaɗai yake sayar da ɗaya.

Ko ina yake bin su. In ya ji wani tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin en'e ya rasu, zai je gaisuwa, ya bari sai an kwana biyu, sannan ya koma ya tambayi magada ko marigayin ya bar takardu. Har na Faransanci yake sayowa daga fataken ƙetaren iyaka, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. Yakan ce mutanen can da na nan kaka ɗaya ne, duk abin da aka rubuta a kansu an rubuta a kanmu, wata rana za a samu mai karantawa.

In littafi ya shigo gidan, sai ya yi masa jinya kafin ya hau kanta. Ya kaɗe shi, ya shanya a inuwa, ya jiƙa ƙaro ya manne bangon da tsumma, ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya cusa ganyen darbejiya a tsakani saboda gara. Ba shi da saurin fushi a kan komai sai a kan littafi. Ka lashi yatsa ka buɗe shafi, ko ka naɗe kunnen takarda don ka gane inda ka tsaya, to ka gama aro a wurinsa har abada. Akwai daminar da rufin ɗakinsa ya yi yoyo, ya shiga ɗakin Inna ya yaye ledar da ta rufe katifarta da ita ya lulluɓe littattafai. Katifar ta sha ruwa sharkaf. Inna ta yi kwanaki tana aika masa tuwo ba ta bi shi da sannu ba. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi katifa tana bushewa.

Ni na shigo gidan ne ina amarya, na gama sakandare. Tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, na durƙusa kaina a ƙasa. Ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa kallon fuskarsa kai tsaye ba. Ana nan sai yanar ido ta fara kama shi. Yana ganin hanya, yana gane mutane, amma baƙaƙe sun daina tsaya masa. 'Ya'yansa maza kowa na wajen nema. Ran nan Inna ta kira ni ɗakinta, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Babanku ne ya ce in tambaye ki, wai ko kina jin Turanci sosai. Yana da wasu da bai taɓa sanin abin da ke cikinsu ba."

Na ce, "Inna, ni ina zan iya zama gaban Baba?"

Ta ce, "Shi ma abin da ya hana shi barci ke nan. Amma ya ce akwai asabari."

Haka muka fara. Bayan la'asar sai ya zauna daga cikin ɗakinsa ya saki asabarin ƙofa, ni kuma in shimfiɗa tabarma a rumfa daga waje. Ya turo littafi ta ƙasa, in karanta, in na Turanci ne in juya masa da Hausa. Ranar farko karatu kawai nake yi, ban san abin da nake faɗa ba. Sai da na kai ƙarshen babi, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, Malama." Sunan da ya bi ni ke nan a gidan, ni da ban taɓa riƙe alli ba.

Kafin a buɗe kowane littafi tambayarsa ɗaya ce: "Wanda ya rubuta, ɗan ina ne?" In ana cikin karatu ya ji abin da bai gamsu ba, sai in ji ya buga sandarsa a ƙasa. "Tsaya nan, Malama. Wannan bai zo Daura ba, a Katsina aka ba shi labari." Amma ba ya yarda a tsallake. Ko an zagi kakanninsa a shafi, sai na karanta masa har ƙarshe, sannan ya ce in ɗauko wane da wane mu ji su kuma me suka ce. Wani lokaci in marubuci ya yi daidai, sai in ji yana dariya shi kaɗai a bayan asabari yana cewa, "Ɗan halak! Ya tambayi tsofaffi."

Dattijuwar nan ta Baure, ina rumfa ranar da ta fara zuwa. An gaya mata akwai wani littafi na zamanin Turawa mai hoton ma'aikatan asibitin farko na wannan yanki, kuma babanta yana cikinsu. Tana goye ya rasu, ba ta san kamanninsa ba. Baba ya san littafin, don wani malamin jami'a ya yi ta zarya a kansa ya hana shi. Ya lalubo shi da hannu ya turo mini, na nemo hoton, na karanta sunayen da ke ƙasa. Da na zo kan na babanta sai ta kama hannuna ta ce in nuna mata wane ne. Wani siriri ne a layin baya, da hula a karkace. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe goshinsa na ɗauko."

Ta roƙi a yanke mata hoton kawai. Na zaci Baba zai fusata. Can ya ce, "Ba a yanka littafi a gidan nan. Ɗauki duka ki tafi da shi." Bayan ta fita na ji yana gaya wa Inna cewa shekara da shekaru yana ajiye da shi bai san na wa ba ne, yau mai shi ta zo.

A cikin duk abin da ya tara, akwai wani ɗan ƙarami mai koren bango da ya fi so. Wani tsohon hedimasta na Zango ne ya rubuta da Hausa bayan ya yi ritaya, ya kai wata ƙaramar maɗaba'a aka buga masa kaɗan. Ba labarin sarakuna ba ne. Rayuwar mutanen gari ce: maƙera, da marina, da wata ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin, da wata mata da ta sayar da shanunta ta haƙa rijiya, da wata magajiyar bori, da wani madugu mai kai ayari arewa. Madugun nan kakan Baba ne. Na karanta masa littafin nan ban san sau nawa ba, har wasu wuraren ina faɗa ba tare da na duba ba.

Sai zamanin ƙaddamar da shari'a ya zo. Baba ya yi murna kamar kowa, da kansa ya je taro ya dawo yana hamdala an rufe gidajen giya. Yayan maigidana, wanda shi ne ɗan farin gidan, ya shiga cikin samarin da suka ɗauki aikin gyaran al'umma da zafi. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma a lokacin duk abin da ya gani fari ne ko baƙi. Ya shiga ɗakin Baba ya yi ta buɗe littattafai, ya ga hotunan 'yan bori, ya ga na matan da Turawa suka ɗauka ba mayafi, ya ga babi-babi a kan tsafin mutanen da. Ya aika wa Baba ta bakin maigidana cewa ajiye irin waɗannan bai halatta ba. Baba ya ce a gaya masa ya ji.

Ranar kasuwar Mai'adua Baba ya fita da sassafe. Da hantsi sai ga Yaya da buhu. Inna tana tsakar gida, amma ɗan fari ne, ba ta yi masa magana kai tsaye tun yana yaro. Ta dube ni. Na je bakin rumfa na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah ka bari Baba ya dawo."

Ya ce, "Koma ciki. Ni nake ɗauke masa nauyi, wata rana zai gode mini."

Ya cika buhun ya kai juji bayan gida ya zuba kananzir. Na aika a kira maigidana daga shago, kafin ya iso wuta ta ci rabi. Ni da Inna muka fita da muciya da bokitin ruwa bayan Yaya ya tafi, muka jawo abin da za mu iya. Kaɗan ne suka tsira, su ma gefensu ya ƙone. Mai koren bangon ba ya ciki. Babin magajiyar bori ne ya ja masa.

Baba ya dawo gab da magariba. Ba wanda ya iya gaya masa. Ya shiga ɗaki, muka ji shiru, sai ƙarar hannunsa yana bin kanta yana lalube. Ya fito ya tsaya a tsakar gida ya ce a kira masa Yaya. Ranar ce ta farko da na ji ya yi wa ɗan farinsa magana baki da baki, don shi ma kunyarsa yake ji.

Ya ce, "Ka karanta su?"

Yaya ya ce, "Na duba su, Baba."

"Karatu na tambaye ka."

Baba ya ci gaba.

"Labarin Adawa da Samudawa, a ina ka ji shi? Ba a cikin Littafin Allah ba? Don mu yi koyi da su aka ba mu, ko don mu san abin da ya faru? Mutanen nan da ka ƙona, wasu sun yi sallah wasu ba su yi ba, Allah ya san nasa. Amma sun zauna a ƙasar nan kafin kai. Kakana yana cikin buhun nan. Babu wani wuri a duniya da aka rubuta sunansa sai nan."

Inna ta fito daga ɗaki da sauri ta durƙusa, don tsoronta kada ya yi masa baki. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma kada ƙafarka ta ƙara taka ɗakin nan."

Na zaci abin zai kwantar da shi. Washegari bayan la'asar sai na ji an saki asabari. Ya ce, "Malama, ɗauko takarda. Zan faɗi waɗanda babu, ki rubuta. Mutum ya buga su, mutum ya saya, suna nan a wani wuri." Daga ranar ya shiga nema, da idon da kullum ƙara dushewa yake yi. Ya bi gidajen tsofaffin malamai a Daura da Zango da Baure. Ya hau motar Kano, ya hau ta Zariya, ya tsuguna gaban masu baza littattafai a ƙasa yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, don da kauri da laushin takarda yake gane su. Direbobin tasha suka san abin da yake nema, in sun ga tsohon littafi a wani gari sai su ɗauko masa, ko da na lissafi ne. Maigidana ya yi ta roƙonsa ya huta, ya ce zai huta in kanta ta cika. Da yawa sun dawo. Duk wanda ya dawo sai ya yi masa riga, ya turo mini, mu karanta shi daga farko kamar baƙo.

Mai koren bangon ne ya gagara. Hedimastan ya riga ya rasu, maɗaba'ar ta rufe, duk wanda aka ce yana da shi sai a tarar ya ba da aro ba a dawo da shi ba.

Yaya bai taɓa zuwa ya ce ya yi kuskure ba, ba irin halinsa ba ne. Yana zuwa gaisuwa kullum, ya durƙusa a rumfa daga waje, Baba ya amsa daga ciki. Shekaru suka wuce, zafinsa ya ragu, karatunsa na addini ya yi zurfi. Sai ya fara kawo wa maigidana littattafai in ya dawo daga Kano, ya ce a ba Baba amma kada a ce daga ina. Baba ya karɓi na farko ya jujjuya, ya tambayi yadda aka saye shi, da aka faɗa masa sai ya ce, "Wanda ya sayo wannan bai iya ciniki ba. Duk gidan nan mutum ɗaya ne bai iya ciniki ba." Ya yi masa riga ya ɗora a kanta.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata rana bayan la'asar na zo da tabarmata, Yaya yana durƙushe a rumfa. Baba ya ce daga ciki, "Malama, yau ki huta. Kai, ɗage asabarin nan ka shigo ka karanta mini." Yaya ya tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe shi. Sannan ya cire takalmi ya shiga. Ina jin muryarsa tana karyewa a kan kalmomi, Baba yana gyara masa. Na tashi na ba su wuri.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado a zaure, da malamin unguwa da 'ya'ya maza, mu mata muna daga bayan ƙofa. Da aka zo kan ɗakin Baba, ƙanin maigidana ya ce yana so a fasa masa ƙofa ta waje ya yi shago, littattafan kuma a ba masu saye a kan sikeli. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali ba shi da sana'a tsayayya. Amma na san inda littafin da aka auna a sikeli yake ƙarewa. Ni ba magajiya ba ce, ba ni da ko allura a dukiyar nan, kuma ban taɓa ɗaga murya a zauren gidan ba. Na yi sallama daga bayan ƙofa na ce, "Malam, a gafarce ni, ina da magana."

Malam ya ce in faɗa.

Na ce, "Littattafan nan na san kowanne. In aka raba su ko aka auna su, sun tafi ke nan. Ina roƙon magada su bar su wuri ɗaya a matsayin waƙafi, ladan ya je wa Baba. Ni zan kula da su, duk mai son karatu ya zo ya karanta."

Ƙanin maigidana ya ce, "To ɗakin fa? A kan titi za a ajiye su?"

Sai Inna ta yi gyaran murya, tana cikin takaba, ba ta ko fito ba. Ta ce, "Malam, tumunina da Allah ya ba ni, a sa mini ɗakin nan a ciki. Shago kuma a fasa masa a nawa, ni na koma na ƙurya." Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini a gaban matan gida.

Malam ya bi magada ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yafe rabonsa na littattafan. Yaya ne na ƙarshe. Ya ce ya yafe, sannan ya ƙara da cewa, "Akwai wanda babu a ciki. Mai koren bangon nan, Malama kaɗai ta rage da ta karanta shi. In za ta iya rubuta abin da ta tuna, ni zan kai ta Zango a tambayi tsofaffi sauran."

Na yi makonni ina rubuta abin da ya zauna mini a ka. Labarin madugu ya fito kusan duka, na mai rijiya ma haka, amma na maƙera da na ungozoma duk ramuka ne. Ranar da muka shirya, Yaya ya ja mota, maigidana a gaba, ni a baya. Gidan hedimastan muka fara zuwa. Ɗansa ya ce akwai akwatin takardu da ya bari, amma gara ta cinye shi tun tuni. Ya dai kwatanta mana gidan wata tsohuwa, jikar ungozomar nan, ya ce in akwai mai sauran labari ita ce.

Maza suka zauna a zaure, ni na shiga. Tsohuwar tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ce ita ba ta san komai ba, maganar mutanen da ta wuce, yanzu in ka faɗi wani abu sai a ce ka yi saɓo. Ban matsa mata ba. Na zauna na ja kwaryar gabana ina taya ta ɓara, na fara ba ta labarin kakarta yadda na karanta shi: yadda take tafiya da 'yar wuƙarta a cikin kube, yadda ba ta karɓar komai a gidan da ta ga babu. Na ce an rubuta cewa daga Baure aka auro ta.

Tsohuwar ta ajiye gyaɗa. "Wa ya ce Baure? Ƙarya ne! Daga ƙetare aka kawo ta, a kan raƙumi, tana kuka. Ke buɗe takardar nan."

Ta yi ta zuba har rana ta karkata. Ta gyara mini sunayen maƙera, ta faɗi inda marina take kafin a cike ta, ta aika aka kira wata maƙwabciyarta da ta girme ta don su haɗa abin da ɗaya ta manta. Muryarta tana da ƙarfi, ana jin ta har zaure. Can sai ta ce, "Ita kuwa magajiyar bori ƙawar kakata ce, tare suke shiga ɗakin haihuwa in abu ya yi tsanani. A rubuta wannan, ko a bari?"

Na tsayar da biro. Tsohuwar ta dube ni, ni kuma na dubi ƙofar zaure.

Daga can Yaya ya ce, "Ki rubuta. Kada ki tsallake komai."

Na rubuta. Saura gidan maƙera da zuriyar mai rijiya, mun sa ranar komawa. In Allah ya ba ni rai sai an buga shi, ko da kaɗan ne, kuma ba zan bar shi a hannun mutum ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa makwancinsa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mutanen da ya tsinto sunayensu, Allah ya haɗa su da shi cikin rahama. Mu kuma Allah ya ba mu ikon ƙarasa abin da ya bari, ya sa mu cika da imani. Amin.